Fadawa Shida, Harshe Ɗaya

Taubashi, bawan gidanmu, ina gaisuwa. Ba a saba ganin ubangiji ya fara gaida bawa ba, amma tunda an ce ka zama sarki mai fadawa shida, dole in sassauta murya kada a sa dogarai su fitar da ni. Ina gwaggo? Ina uwargida, baiwar Allah da aka jarraba da kai? Ya zafin Bazaga?

Labarinka ya riga ka isowa Ƙonni. Wani ɗan kabu-kabu ne ya fara tsegunta mini ranar Laraba a kasuwa, ya ce ai mutumina ya daina zuwa fada. Na ce ko ciwo? Ya ce lafiyarka ƙalau. Na ce ko bashin shayi ne ya taru? Ya ce wannan ma akwai, amma ba shi ya kore ka ba. Wai yanzu da an sallame la'asar sai ka ja tabarma can gindin bedi, ka ba jama'a baya, ka tasa salula gaba kana shawara da mutum shida waɗanda ba a taɓa ganin ko ƙeyarsu ba. Ban yarda ba sai da na hau babur na zo. Kai kuma da yake ba ka iya ɓoye abin alfahari, tun ban sauka ba ka miƙo mini wayar kana washe baki kamar wanda ya je haƙar rijiya ya tarar da man fetur.

Bari in warware wa masu karatu zancen, kada su ɗauka iska ce ta taɓa ka, ko da yake za mu zo kan iskokin. Taubashina ya yi noman rani bana, Allah kuma Ya yi wa garkarsa albarka, ya kwashe albasa buhu 40, irin jar nan ta Galmi da ake rububinta har Kumasi da Abijan. Sai tsohuwar tambaya ta taso, wadda ba manomin albasa tsakanin Madawa da Ƙonni da ba ta taɓa hana shi barci ba. A watannin Maris da Afrilu kowa ya cire tasa, Galmi ta zubo, Tsarnawa ta zubo, farashi ya kwanta warwas. Mai haƙuri yakan zuba tasa a rudu ya jira damina ta wuce, lokacin da albasa ke wuya kuɗinta ya ninka. Amma rudu ba ya ajiya kyauta. Ruɓa za ta ci rabonta, bushewa ta rage nauyi, wata ta tsiro, shi kuwa mai bin ka bashin taki da isansi ba ruwansa da jiran kaka. A sayar ko a ajiye? Iyakar shari'ar ke nan.

Da can mutum na gaba da shi yake tambaya. Kai kuwa sai ka sami wani yaro ɗan lakwal, ya buɗe maka manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira, ya kuma koya maka wata dabara da ya ce masu ilimi na yi: kada ka tambaye ta sau ɗaya ka tashi, ka umarce ta ta riƙa rikiɗa tana zama mutane daban-daban, kowa ya faɗi nasa, ka ji zancen ta kowace fuska. Shi ne ka shiga naɗin sarauta. Ka ce ta zama dillalin albasa na Tsarnawa mai shekara talatin a sana'a. Ka ce ta zama malamin gona, ta zama direban babbar mota mai kai kaya Gana, ta zama malami masanin hukuncin ciniki. Ka ce ta zama tsohuwa mai hikima, wai don a ji ta bakin mata, alhali ga mace da ranta a tsakar gida tana daka. Na shidan shi ya kusa kayar da ni ƙasa don dariya: ka ce ta zama maƙiyinka, mai kushe duk abin da ka kawo. Kai da Allah Ya hore wa maƙiya na gaske kyauta, har sai ka sayi mega ka ƙera na roba?

Ina karantawa ina tuna ranar da aka yi wasan bori a ƙauyen kakanninmu muna yara, muka laɓe bayan darni muna leƙe, kai ka fara arcewa ka bar takalmi ɗaya. Ka tuna matar nan? Ita kaɗai ce a tsakar fili, amma da mai goge ya sauya kiɗa sai ta sauya. Ya taɓa taken Malam Alhaji, sai ga ta ta duƙa ta tsufa nan take, tana tari tana jan carbi. Ya juya na Ɗan Galadima, sai ta miƙe tana taƙama, tana rabon abin hannunta kamar ba gobe. Aka kira Sarkin Rafi, kowa ya ja da baya. Da ta yi atishawa aka sauka, sai ga baiwar Allah dai da muka sani, mai sayar mana da ƙuli-ƙuli. Ƴan bori na kiran irinta godiya, in namiji ne kuma doki. To, taubashi, albishirinka. Ka sayi godiya kana yawo da ita a aljihu, kai ne kuma mai gogen. Kai da ke murtuke fuska in an ambaci arwar Masallata kana cewa aikin jahiliyya ne, ga ka nan gindin bedi kana kiran mutum shida su hau abu ɗaya. Ba tallar bori nake ba, Allah Ya tsare. Amma ko su ƴan borin, da'awarsu ita ce wani ne dabam ya zo ya hau. Na'urarka ko wannan da'awar ba ta yi ba. Ka tambaye ta kai tsaye, za ta gaya maka ita ce dai, riga kawai ta sauya.

Ka bari in ɗan yi maka karatu, ko da yake tun muna makarantar allo ba ka taɓa yarda na fi ka ba. Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamban 2022, irin waɗannan manhajoji suka yawaita, har an cusa wata cikin WhatsApp. Kusan duk hanyarsu ɗaya ce. An ɗura musu rubutun da mutum ba zai karance shi ba ko da zai yi shekara dubu yana yi, littattafai da jaridu da surutun intanet, har suka ƙware wajen cankar kalmar da ta dace ta biyo bayan ƴar'uwarta. In ka ce mata ta zama dillali, ba Tsarnawa za ta je ba. Cikin abin da ta haɗiya za ta laluba, ta tattaro yadda aka saba siffanta dillali, ta ɗinka riga da shi ta saka. To wa ya taɓa rubuta dillalin Tsarnawa? Mafi yawan abin da ta ci da Ingilishi yake, Hausa kuwa ɗan gishiri ce a cikin miyar, ita ma galibi Hausar labarai. Gwamnatin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, madalla, amma wannan bai sa dillalai sun zauna sun rubuta sirrin sana'arsu ba. Abin da ke kansu yana kansu, ko ɗan cikinsu ba su cika zazzage masa duka ba.

Shi ya sa fadawanka suka fito kamar ƴan uwa ɗaya uba ɗaya. Dillalinka ya yi dogon bayani bai rantse ko sau ɗaya ba. Ina ka taɓa ganin dillalin da zai buɗe baki bai ce wallahi asara yake yi ba? Bai ce a kawo albasar ya matsa wuyanta ya ji ko ta bushe ba. Bai ambaci ta Agadas ba, wadda ke saukowa daga duwatsun Ayar bayan damina ta tarar da masu rudu a kasuwa, abin da dillalin gaske zai fara tsorata ka da shi don ka sakar masa kaya da araha. Tsohuwarka ta yi magana kamar takardar ƙungiyar agaji, sai dai ta liƙa "ɗana" a farko da karin magana a ƙarshe, karin maganar ma ban taɓa jin ta a bakin Bahaushe ba. Direbanka ya ce ka tabbatar takardunka sun cika. Direban gaske da ya fara lissafa maka shingayen da ke hanya da abin da ake ajiyewa a kowanne.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne zancen Illela. Ka ce musu kana tunanin kai wani abu daga ciki Illela, kana nufin ta tsallaken iyaka, ta jihar Sakkwato, nan kusa da hancinmu. Su shidan duka suka ɗauka Illelar Sarkin Adar ce ta arewa. Ba wanda ya ta da zancen naira, ba wanda ya ambaci duwan. Yaron da ke tallar ruwa a tashar Ƙonni, ka ce masa Illela, abin da zai fara tambayarka shi ne wacce. Mutum shida masu shekaru da rawuna, ba ɗaya da ya tambaya.

Wannan kuskure na taron dangi shi ne gindin maganata, don haka ka gyara zama. A shekarar 1906, a wani baje kolin dabbobi a garin Plymouth na Ingila, an tsayar da wani sa aka ce kowa ya canki nauyin namansa in an yanka an gyara. Wani masani mai suna Francis Galton ya karɓi takardun da mutane suka cika, ya sami 787 masu karantuwa. Da ya jera su daga ƙarami zuwa babba, ta tsakiya ta ce laba 1,207. Da aka ɗora naman a sikeli, sai ga laba 1,198. Tazarar laba 9 kacal. Turawa na son wannan labari ƙwarai, suna kafa hujja da shi cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ina jin kuma shi ne kakan dabarar da yaron nan ya koya maka. Amma ka lura da abin da ya sa taron ya dace. Mahauci ya kalli san da idon mahauci, manomi ya kalle shi da nasa, ɗan kallo ya yi shaci-faɗi. Wani ya zarce, wani ya gaza, kuskuren wannan ya cinye na wancan. Da mutum ɗaya ne ya cika takardun duka yana sauya hula, da kuskurensa ɗaya za a samu sau 787. In tiya ta lotsa, ko mutum shida ka sa su auna maka gero da ita, gibin nan dai za ka kai gida.

Sai na duba yadda ka jefa musu tambayar. Ka rubuta cewa kai dai kana ganin ajiyewa ta fi, su me suka gani? Ai kuwa suka ga abin da ka gani. Dillali ya gani, direba ya gani, malami ya yarda da sharaɗin kada abin ya zama ɓoye abinci don ƙuntata wa jama'a, tsohuwa ta sa albarka. Maƙiyin naka ma, bayan ya ɗan yi gurnani, ya rufe da cewa shawararka akwai hangen nesa a cikinta. Maƙiyi ke nan! Da ka shiga cikin gida kawo mini fura sai na ɗauki wayar (ka yafe ko kada ka yafe, dukiyar bawa ta ubangijinsa ce), na buɗe sabon shafi, na sake naɗa su shidan da rawunansu, na ce ni ina ganin sayarwa yanzu ta fi. Kafin ka fito da ƙwarya duk sun yi mini mubaya'a. Tsohuwar da ta sa maka albarkar ajiya ita ce ta sa mini ta sayarwa, da "ɗana" ɗin nan nata.

Ba sharri nake yi wa na'urar ba, masu ita ma sun san da ciwon. A watan Afrilun 2025 sai da OpenAI ya janye wani gyara da ya yi wa ChatGPT kwanaki kaɗan bayan sakinsa, don abin ya koma maroƙi, komai ka kawo sai ya yaba. Asalin ciwon kuwa daga wajen horo yake. Mutane ake sa wa su duba amsoshi su zaɓi wadda ta fi musu, ɗan Adam kuma, daga Kalifoniya har Bazaga, ya fi son a ce masa ya yi daidai. Maroƙin gidan biki ya fi ta gaskiya, don shi da kalangunsa a hammata yake zuwa, kowa ya san abin da ya kawo shi.

Kada ka ce hassada ce ta kawo ni don ni ban iya ba. Dabarar ba ta banza ba ce, kuma ta girmi salula nesa ba kusa ba. A 1985 wani mutumin Malta, Edward de Bono, ya fitar da littafi kan huluna shida na tunani: mutum ya sa fara ya faɗi abin da aka tabbatar kawai, ya sa ja ya faɗi abin da zuciyarsa ke ji, ya sa baƙa ya nemo inda abin zai lalace, haka har shida. Shi ko caji bai buƙata ba. Tun kafin shi, a 1587, cocin Katolika ya kafa wani muƙami da mutane suka laƙaba wa lauyan Shaiɗan, aikin mai riƙe da shi ya tono aibin duk wanda ake son a ayyana a matsayin waliyyi. Duk manufar ɗaya ce, a tilasta wa kai ya zagaya tambaya maimakon ya tsaya a ƙofar da ya fi so. Kuma a gaban jama'a zan faɗa, malamin gonarka na roba ya yi maka tambaya biyu masu kyau: kwana nawa ka yanke ban ruwa kafin ka cire, kuma taki nawa ka zuba, tunda albasar da ta ƙoshi da takin zamani da ruwa ba ta jure ajiya. Na ga yadda fuskarka ta yi a wurin. Ni na san ka ɗura mata taki kamar mai kiwon ragon layya. In tambayoyi kake nema waɗanda za ka ɗauka ka fita da su, fadawanka za su cika maka aljihu. Har wasu masu bincike na jami'ar MIT da kamfanin Google sun gwada a 2023, suka sa kwafe-kwafen na'ura ɗaya suna gardama da juna, suka ga amsar lissafi ta ƙara inganci. Sai dai lissafi amsarsa na nan a ajiye, ana iya dubawa. Farashin albasa na watan Oktoba ba a rubuta shi a littafin kowa ba tukuna.

Inda ka ɓata shi ne da ka ɗauka ka yi shawara, har kana gaya mini wai shawara ɗaukar ɗaki. Ɗakin da ake ɗauka kafaɗu da yawa ke shiga ƙarƙashinsa, kowa kuma yana jin nauyin a wuyansa. Wata malamar jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Charlan Nemeth, ta gwada abin a 2001. Ta kwatanta taron da aka sa wani ya yi adawar wasa da taron da ke da mai adawa na gaske, wanda ya yarda da abin da yake faɗa. Ta tarar na gasken ya fi sa mutane su sake tunani su nemo wasu hanyoyi, na wasan kuwa sau da yawa ƙara musu riƙon ra'ayinsu na farko yake yi. Ba sai an je Amurka ba a san wannan. Ka ji an kushe ka, ka ba da amsa, ka ga mai kushen ya yi laushi, sai ka tashi kana jin ka ci jarrabawa. Haka ka taso daga gindin bedi kanka ya fi simintin Malbaza tauri.

Alhali mai adawar gaske na nan taku goma daga tabarmarka. Ina shan fura na ji uwargida daga bayan zana tana cewa, ba da ni take ba, ba kuma da kai ba, da iska take: "A tambayi mutanen cikin waya, wa za shi biyan mai taki ran Lahadi?" Ta ƙara da cewa jinkar rudun nan tun bara take zuba ta gefen gabas, kuma ita ta kwashe ruɓaɓɓiyar da hannunta. Ka ce mata mata ba su san kasuwa ba. Matar da ke riƙe da adashin unguwa shekara da shekaru ba a taɓa jin dala ta yi ciwon kai ba! An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to a gidanka ba karin magana ba ce, labari ne. Ita ta san bashin, ta san jinkar, ta san bikin ɗiyarku na nan tafe bayan kaka, ta kuma san halinka in kuɗi suka shigo hannunka a dunƙule. Ba ɗaya cikin waɗannan da ka gaya wa fadawanka, wasu don ka manta, wasu don kunya. In albasar ta ruɓe ita za ta rage tuwo. Tsohuwarka ta cikin waya ko yunwar yini ɗaya ba za ta ji ba.

A fadar da ka ƙaurace wa kuma akwai mutum biyu da na so ka zaunar a tabarma ɗaya. Ɗaya ya ajiye tasa a 2023 yana jiran ƴan Gana. Aka yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, iyakoki suka rufe, tamu da Najeriya ba ta buɗe ba sai Maris na 2024, motocin albasa suka yi ta ruɓewa a kan hanya. Har yau in ka ce masa rudu sai ya tofar da yawu. Ɗayan kuwa wata shekara ya sayar tun a garka don tsoro, ya zauna yana kallon maƙwabcinsa ya sayi babur da kuɗin ajiya, har gobe yana cizon yatsa. Ka haɗa su, ka zuba musu shayi, ka ja bakinka ka yi shiru. Ba wanda zai ce maka akwai hangen nesa a shawararka. Za su yi ta yi har magariba, wataƙila ma su zagi juna, kai kuma ka tsinci abin tsinta. In malamin gona kake so, akwai masu jini a jika a gandun noman rani na Ƙonni, mai shan ruwan madatsun Mozage da Zango, ka ɗauki albasa uku a leda ka kai musu su taɓa. Ka tambayi limaminku ma wa ya kawo shawarar haƙa gwalalo a Madina. Salmanu ne, mutumin Farisa, wanda ya zo da abin da ya sani a wata ƙasa, Larabawa ba su saba da shi ba.

Sannan ga ni. A 2014 UNESCO ta saka wasan nan namu na Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya, wasan da ke tsakanin taubasai, da wanda ke tsakanin Bafillace da Ba'are, da Bagobiri da Bazabarme. Turawa sun zo da takardu da hatimi sun tabbatar da abin da kakanninmu suka tsara tun ba a san takarda ba, cewa kowane mutum a ba shi wanda zai gaya masa maganar da ba ya so, a gaban kowa, ba fushi ba zuwa gaban alƙali. Kai rabonka ni ne. Ba ka naɗa ni ba, ba ka kuma iya sauke ni, ba na cin mega, kuma ko ka juya tambayar sau goma amsata ba za ta bi ka ba.

Na ji abin da ka yi bayan tafiyata, don yaron nan ɗan lakwal ba ya riƙe sirri. Wai haushina ya sa ka naɗa na bakwai, ka ce wa na'urar ta zama taubashinka ta zolaye ka, don ka nuna wa duniya ba ka buƙatata. Ta ce maka marowaci, madalla, ta fara da ƙafar dama. Sai kuma ta biyo da cewa wasa take yi, tana fatan ba ta ɓata maka rai ba, kuma ta san kai manomi ne mai himma. Taubashin da ke ba da haƙuri! Wannan ai ko a ɗakin amarya ba a yi ladabi haka ba. Ina za ta san ranar da jakin kawu ya zubar da kai cikin tabkin bayan gari a gaban ƴan matan da ka yi wa kwalliya? Ina za ta san zuwanka zance na farko, da karen gidan surukai ya raka ka har bakin hanyar mota, ka dawo ka ce mana sauri kake kada sallah ta wuce ka? Zolaya da tsohon miki ake yin ta, ita kuwa jiya ta san ka, gobe in ka buɗe sabon shafi ma sai ka sake gaya mata sunanka.

Tunda na san ba za ka tambaye ni ba, ga tawa, kuma ina gaya maka tun yanzu akwai son zuciya a ciki, abin da fadawanka ba su da shi balle su bayyana. Ka zauna da uwargida ku tsince albasar ɗaya bayan ɗaya. Masu kaurin wuya da waɗanda suka ji rauni wajen cira, ka fitar da su kasuwa yanzu ka sallami mai taki. Ka gyara jinkar nan kafin hadarin farko. Masu tauri, busassun wuya, su za ka zuba a rudu, ka kuma riƙa leƙawa kana juyawa, ba ka kulle ka koma gindin bedi ba. In ka ga dama ka kai wa mutanenka shida wannan shawarar, ka ce taka ce. Na rantse za su ce ba su taɓa jin mai kyanta ba.

Son zuciyar kuwa shi ne buhu ɗaya, ladan karatun nan. Ka ɗoro shi a kabu-kabu ranar Laraba, zan jira a tasha, kuma zan matsa wuyan kowace ɗaya, don na san ka da cusa ruɓaɓɓu a tsakiya. Watan cika-ciki ma na tafe. In ka shirya zuwa karɓar kuɗin shara, kada ka biyo ta ƙofata bana, ka je wajen taubashinka na bakwai ya ba ka. Ka gaida gwaggo. Ka ce wa uwargida furar ta yi daɗi, nonon ne dai ya yi ruwa, na kuma san wanda aka aika ya sayo shi.